Akwatin Lucien

Asabar ce, ana yayyafi a Nantes,
na taso daga aikin dare a ɗakin wankin asibiti,
hannuwana na ƙanshin sabulu da tururin guga.
A kasuwar gwanjo, ƙarƙashin rumfar leda,
wata mata, Maëlle, ta baje kayan surukinta:
agogon da ya tsaya a kan ƙarfe huɗu,
takalman da dunduniyarsu ta cinye ta gefe guda,
da akwatin kwali ɗaure da igiyar shanya.
Ta ce, "Yuro goma, ki rage mini kaya.
Lucien ya rasu watan jiya, gidan kuma na haya."

Faya-fayai talatin da ɗaya, littattafai shida.
Na kinkimo su har hawa na biyar
ina zagin kaina a kowace matakala,
ni da ko garmaho ba ni da shi.
Thibault mai gyaran keke ya ara mini nasa,
ya ce allurar ta tsufa, in bi ta a hankali.

Faifan farko, wata mace ce mai kaushin murya,
kamar ta kwana tana gardama da hayaƙin taba.
Tana waƙar tashar jirgin ruwa
da wani da ya ce zai dawo kafin hunturu.
Harshena ne, da shi nake sayen burodi,
amma ban taɓa jin an murza shi haka ba
har ya fitar da mai.
Na tsaya da cokali a hannu, miya ta kama.

Sai a bayan kwalin na ga rubutun fensir,
ƙanana, a karkace, kamar sawun tururuwa:
"Kada a saurari wannan da yunwa."
A wani kuma: "Gefe na biyu, kusa da ƙarshe,
mai babban gogen ya ja numfashi. A kasa kunne."
Na kasa. Wallahi ya ja.
Mutum ne ashe a bayan katakon,
da hancinsa, da fargabarsa.

Da can na ɗauka irin wannan kiɗa
na masu kwat ne da jajayen kujeru,
waɗanda suka san inda ake tafi da inda ake shiru.
Ga shi yau a ɗakina, tsakanin tukunya da taga,
piyano na tambaya, sarewa na kewaye amsa,
goge arba'in sun taso tare kamar tsuntsayen Loire,
ba wanda ya tambaye ni takardar makaranta.

Akwai faifan da ya ci kamar dutsen niƙa.
Lucien ya rubuta: "Ranar da Armelle ta tafi, sau tara."
Ban san ko mutuwa ta yi ba, ko jirgi ta hau.
A tsakiya allura na tuntuɓe,
ta maimaita kalma ɗaya, gobe, gobe, gobe,
nakan bar ta ta faɗa sau uku kafin in ɗaga.

Cikin littattafan akwai na waƙoƙi, tsohon bugu,
irin wanda shafukansa ke zuwa a manne.
Ya yanka har shafi na tamanin, ya tsaya,
ya bar tikitin bas a wurin.
Na ɗauko wuƙar albasa na ci gaba.
Yanzu na wuce shi da shafi goma sha biyu,
ina jin kunya kaɗan,
kamar wadda ta riga mai gida zama a kujerarsa.

Faifai na talatin da ɗaya ba rubutu a bayansa.
Ledarsa ma ba a farke ba.
Jiya na saurare shi sau biyu kafin in tafi aiki,
ban gane shi ba tukuna.
Na dai fiƙe fensir, na ajiye kusa da garmaho,
Thibault kuma ya fara tambayar kayansa.