Jira La'asar

Yaya Adiza ta aiko saƙo daga Napoli:
"Turo min hoton Baba, na yi marmarin fuskarsa."
Sau goma sha ɗaya na ɗauka
a ƙofar shagonsa na gyaran agogo, nan Aboabo,
duk sha ɗayan inuwa ce sanye da hula.
Rana a bayansa tana ci bal-bal,
shi kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar wake.
Adiza ta ce, "Wannan Baba ne ko buhun gawayi?"

Malam Inusa mai hoto,
wanda ya rufe shago tun shekarar da waya ta shiga aljihun kowa,
yana kan benci yana ɓare gyaɗa.
Ya miƙo hannu. Na ba shi.
Ya goge idon wayar da bakin rigarsa:
"Maiƙon kelewele ne wannan.
Ido mai kwantsa ba ya ganin gari.

Kar ka yi wa rana tsaye ido da ido,
bar ta ta dafa kafaɗarka.
Ta tsakar rana kuwa ba ta da kunya,
rami take haƙa wa mutum a ƙarƙashin ido.
Jira la'asar,
lokacin da ta sauko ta bi kan rufin kwano
ta yi launin manja a cokali.

Kuma wa ya ce ka dasa shi a tsakiya kamar turke?
Ba shi gefe.
Bar masa fili ta inda yake kallo,
ido ma yana son hanya.
Dubi bayansa tukuna:
ga falwaya ta tsiro masa a ka,
ga bokitin Memuna, ga rabin trotro.
Duk abin da ba ka gayyata ba, kore shi.
Matsa da ƙafa, kar ka ja da yatsa.
Durƙusa.
Ba a kallon dattijo daga sama."

Na ce, in ce masa ya yi murmushi?
Ya watsa ɓawon gyaɗa a kwata, bai amsa ba.

Ranar farko hadari ya taso daga Asawase.
Ta biyu ma haka, Kumasi ba ta tambayar kowa.
Ta uku, bayan an sallame,
haske ya shigo ta tagar shago a karkace,
ya kwanta kan tebur,
kan ƙananan kusoshi a murfin gwangwanin madara,
ya hau hannun Baba, ya tsaya a kuncinsa na hagu.
Gilashin aiki na manne a idonsa,
ya manta da ni sarai.

Na kashe filashi.
Na durƙusa har gwiwata ta taɓa siminti,
na manne hannu a haƙarƙari,
na taɓa fuskarsa a jikin waya,
abin da ban taɓa yi da yatsana ba tun ina yaro.
Na riƙe numfashi.
Sau ɗaya.

Saƙo ya tafi. Ta gani. Shiru.
Aka yi magariba, aka yi isha.
Can sai murya, a dishe:
"Yaushe girarsa ta yi fari haka?
Kai, tsaya,
wannan agogon da ke rataye a ƙusa, gefen taga,
ba nawa ba ne? Mai jan maɗauri?
Shekara tara!"

Na koma na buɗe hoton.
Ni ban gayyace shi ba, ban ma gan shi ba.
Duk agogon bango sun ce biyar saura kwata,
shi kaɗai ya ce bakwai saura.

Da safe na ce, Baba, wancan yana gudu.
Bai ɗago ba.
Ya ce, "Ƙyale shi. Lokacin can yake bi."