Ƙirjin Akori-kura

A Ƙofar Ruwa, bayan layin masu fulogi,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta,
na tsayar da akori-kurata tana tari.
Sammani bai ɗago ba.
Ƙafafunsa kaɗai na gani ƙarƙashin wata tsohuwar marsandi,
ɗaya da silifa, ɗaya babu.

Na ce: Oga, an cuce ni.
Atamfa na ɗauka a Kwari, da gishiri buhu sha biyu,
na nufi Gembu.
Daga nan har gindin dutse gudu take kamar an biya ta.
Muna fara hawa ta koma tsohuwa mai sanda.
Na taka totur har ƙasa,
salansa na aman hayaƙi kamar an ƙona taya,
wata saniya ta wuce mu,
har da waiwaye.

Man ne, na san man ne.
A Mariri na sha, gun yaron nan mai jarka
da ke tace fetur da tsohon ɗankwali.
Nuna mini inda ake sayar da mai ƙarfin,
wanda ake zuba wa motocin manya.
Ko nawa lita, zan biya.

Ya fito da baya. Ya goge hannu a cinya.
Ya zuƙo kaɗan da tiyo, ya ɗiga a tafinsa,
ya hura. Nan take ya bushe.
"Ka nemi gafarar yaron.
Da akwai kananzir, da ya bar maiƙo."
Ya kwance fulogi ɗaya ya miƙo mini,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Da ka isa can sama ka sauke buhu,
ya ƙirjinka?"
Na ce kalangu ya koma.
"To ita ma ƙirji gare ta.
Iskar Kano kauri gare ta kamar furar Kurmi,
ta kan dutse kuwa an tsinka ta da ruwa.
Kai kana ɗura mai irin na gida,
iska ba ta kai ba.
Tuwo ya yi yawa, miya ta gaza,
sai ka kai ƙarar mai hatsi?

Mai ƙarfi na injin da ke matsewa sosai ne.
Taka, in ta hau sama, ba ƙarfi take nema ba.
Ba ta na kowa, in dai tsarkakakke ne.
Canjin ka saya mata matatar iska,
wannan ta toshe kamar hancin mai mura."

Ya ɗage bonet, ya kara kunne
kamar ungozoma a kan ciki.
Ya sa sukudireba a kafireta, ya murɗa kaɗan,
ya karta alama biyu da ƙusa.
"Wannan Kano. Wannan dutse.
In ka ga hanya ta fara miƙewa tsaye
ka tsaya ka juya nan.
In ka sauko ka mayar,
kar zafin ƙasa ya sa ta ƙwanƙwasa,
ka dawo ka ce ni na cuce ka."

Na zaro kuɗi. Ya ture.
"Sukudireban aro ne.
Ka dawo da shi, da fiya guda uku."

Sai tari ya kama shi,
dogo, mai tsatsa,
shekara talatin na hayaƙin motocin mutane.
Ya dafa ƙofata har ya lafa.
Ladanin masallacin 'yan gwangwan ya fara gyaran murya.

Na tayar, ta kama lafiya lau.
Har na sa giya ya leƙo ta taga:
"Tasi'u, wai da gaske ne
iskar can
ba ta da wari?"