Wadda Ba Ta Kuka

Rifkatu ta ce ƙarama take so,
wadda za ta shige jakar hannu,
ta hau keke da ita daga Sabon Tasha zuwa Kawo,
ta tace bidiyon biki duk inda dare ya riske ta.

Na haɗa mata. Akwatin bai kai kwalin sukari uku ba.
Na cusa allo, na naɗe waya, na lanƙwasa, na danna,
kamar kwandasta mai cewa a matsa, saura mutum ɗaya.
Can bayan allo, lungun da iska ba ta zuwa gaisuwa,
na kwantar da ma'ajiyar,
siririya, tsawon yatsana,
noti ɗaya tal ke riƙe da ita.

Kwana tara sai ga Rifkatu, tsakiyar Afrilu,
kwalta na kama takalmi.
Ta ce: da safe barewa, da azahar hawainiya.

Na duba ma'auni. Tamanin da biyu.
Ba lalacewa ta yi ba,
sassauta gudu take yi don kada ta ƙone.
Tsohon faifai mai juyawa, in ya wahala,
gurnani yake, ƙas-ƙas-ƙas, har maƙwabcin shago ya leƙo.
Wannan babu abin da ke motsi a jikinta,
ba a yi mata bakin kuka ba.

Na tafi Panteka wurin Malam Jibo.
Ya juya ta a tafin hannu mai baƙin mai, ya yi dariya:
ni mai ƙera injin markaɗe
ka kawo wa aikin tsinken sakace?
Amma ya yanko alminiyon daga cikin tarkace,
ya tsaga masa haƙora kamar matsefi.
Na kai shago, murfi ya ƙi rufuwa.
Na koma, ya goge. Na sake komawa, ya goge yana mita.
A zuwa na uku ya ƙi karɓar kuɗi,
ya ce in ta huce in gaishe ta.

Na shimfiɗa mata ɗan ƙyalle mai danƙo,
na ɓare ledarsa, don mantuwar ledar nan ta taɓa kunyata ni.
Na ɗora ƙarfen, ban matse ƙwarai ba.
Na kafa fanka, faɗinta bai wuce bakin gwangwanin tumatir ba,
na huda gefe, na huda baya,
gama iska baƙuwa ce mai wayo,
ba ta shiga gidan da ba ta hango ƙofar fita ba.

Hamsin da huɗu.
Na jira awa guda, ga rana a kan kwano. Hamsin da shida.

Ina kallon lambar sai Kakuri ta faɗo mini,
ɗakinmu guda, mu takwas, bayan masaƙa ta rufe.
Yaya Uwani ce ma'ajiyar gidan:
ranar biyan haya, bashin mai gawayi,
wa ya sha magani, wa ya ɓoye nasa a ƙarƙashin tabarma.
Kusurwarta ita ce nesa da taga.
Ba mu taɓa jin ƙararta ba.
Da ta fara nawa, sai muka ce girma ne,
muka ce son jiki,
ba wanda ya kai bayan hannu goshinta.

Rifkatu ta biya, ta rungumi akwatinta ta fita.
La'asar ba ta yi ba na ja ƙofar shago.
Na sayi kankana a bakin gada,
na sauka Kakuri, na yi sallama.

Ta fito da kumfar wanki har gwiwar hannu.
Ta ce: lafiya, da ranar nan?
Na ce: lafiya lau, Yaya. Zauna.
Ina wuƙa?