Ɓaure a Kujerar Gaba

Daga Izmir nake tashi kafin asuba,
tirela cike da kwalayen sabulu,
Erzurum na can bayan dare biyu da duwatsu.
Shekara goma sha tara ina kan wannan kujera,
ta san nauyina fiye da sikeli.

Abincina a hanya farin burodi ne da cuku mai gishiri,
tsiren rago a bakin gidan mai,
shayi a ɗan kofi, baƙi kamar tsohon man inji.
Ruwa kuwa na ɗauke shi abokin gaba:
wanda ya sha zai tsaya,
wanda ya tsaya zai makara.
In ciki ya ƙwanƙwasa ƙofa a Afyon
sai in ce masa, yi haƙuri sai Sivas.
A Sivas in kira shi, ya yi fushi, ya ƙi amsawa.

Kwana uku. Wani zubin huɗu.
In shiga banɗaki kamar mai shiga filin kokawa,
in yi nishi har jijiyar wuya ta miƙe,
in fito da gumi,
abin da na bari bai fi tsakuwa biyu ba.

Sai ranar da na ga Tuncay a tashar Yozgat.
Tuncay da ke ɗaga taya shi kaɗai,
yana saukowa daga mota kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu,
a hammatarsa matashi mai rami a tsakiya.
Bai ɓoye ba. Ya ce, Nevzat, basir ne.
Da yunƙuri na tara shi, kaɗan-kaɗan kamar bashi,
har likita ya zo karɓa da wuƙa.
Muka yi dariya, tawa ta maƙale a maƙogwaro.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
shafa wa naka ruwa.
Ni kuwa ko ruwan ba na sha.

Gwaggo Gülten na faɗa wa, da kunya, ina kallon takalmi.
Ba ta ɗago daga tsinar zaitun ba.
Ta ce, motarka kana ba ta mai, kana ba ta ruwa,
in ta yi tari ka tsaya ka buɗe baki ka duba.
Kai ne ba ka da mai gyara?
Ta ɗaure min busasshen ɓaure a tsumma,
ta ce jiƙa uku da dare, ka ci da safe, ka shanye ruwan.
Ci wake, ci alkama da dusarta, ci ganye ko ba daɗi.
In ciki ya kira, amsa, ba a barin baƙo a tsaye.
In ka zauna kada ka tura, ba mota ba ce a taɓo,
kuma ka bar wayar nan a waje.
In ka ga jini, ba wurina za ka zo ba,
asibiti na nan bayan masallaci.

Makon farko cikina ya yi ta ƙugi,
ni da shi kamar maƙwabta masu rigimar katanga.
Na biyu muka fara gaisawa.

Yanzu jarka na gefen birki, ina kurɓa ba sai na ji ƙishi ba.
Duk awa biyu in faka, in zagaya tirela sau uku
kamar mai ƙirga tayoyi.
Yaran tasha na ce min tsoho mai ɓaure.
Su faɗa.

Jiya na isa Erzurum da jinkirin minti arba'in.
Mai kaya ya kalli agogo, ya kalle ni.
Na zauna kan bencinsa na katako, daram, ba matashi,
na miƙa masa ɓaure ɗaya.
Ya juya shi a hannu, ya gyara zama a hankali,
ya rage murya ya ce, guda nawa ake jiƙawa?