Baƙon da Bai Yi Sallama Ba

Wasiƙar ta shigo ranar Talata, bayan azahar,
da sunan Alhaji Maikano na Saminaka,
wanda muke sayen masara a hannunsa shekara tara.
Ta san buhu nawa muka sauke a watan jiya.
A ƙarshe ta ce: ya jikin Bilkisu?
Wa ke zargin wanda ya tambayi jikin 'yarki?

Na danna takardar. Ta buɗe fari fat, ba ko harafi.
Na ce Alhaji da rikicin waya,
na tashi na haɗa shayi.

Ta cikin farin nan ya shigo.
Bai ɓalle ƙofa ba, ni na zare masa sakata.
Ya ari sunan wani hadimin na'ura ya saka kamar riga,
ya shiga sahun masu tashi da kwamfuta kowace safiya.
In an ɗauke wuta ya kwanta,
in janareto ya tashi, ya riga ni zama a kujera.

Kwana arba'in da ɗaya.
Yana bin sawun yatsuna a kan madannai,
yana ɗaukar hoton allo, yana kala kamar kaza a masussuka.
Ƙarfe uku na dare, Kakuri ta yi tsit
sai haushin karnuka a harabar tsofaffin masaƙu,
sai ya kira gidansu,
ya miƙa abin da ya tara cokali-cokali
don kada mai gadi ya ji nauyin kaya.

Ranar biyan albashi kibiyar allo ta yi tafiya
hannuwana biyu suna kan cinyata.

Yusha'u mai gyara ya zo daga Barnawa a kan babur,
ya zare wayar intanet kafin ya gaishe ni.
Ya tono rumbun baƙon, ya juyo mini da allon:
lambobin sirri, asusun kamfani, kuskuren rubutuna,
da wasiƙar da na rubuta wa Yaya Kande
kan bashin asibiti,
na goge ta, don kunya, ban aika ba.
Ga ta nan cif.
Shi kaɗai ya karanta.

Da yamma na kira Alhaji Maikano.
Ya ce shi fa bai taɓa aika imel ba, ɗansa ke yi.
Ya yi shiru, ina jin injin niƙa a bayansa,
sannan ya ce:
Au, Bilkisu ba ta da lafiya ne?