Kunnen Hagu

A Jidda, unguwar Hindawiyya,
bayan shagon Bayamane mai burodi,
inda na'urar sanyi ke ɗiga dare da rana,
nan Toka ke shan ruwa.
Ni na raɗa mata sunan, don launinta.
Shekara huɗu ina gadin wannan bene,
sau bakwai na ga cikinta yana jan ƙasa.

Da gawayi nake ƙirgawa a bangon ɗakina.
Talatin da ɗaya.
Tambaye ni nawa suka girma har suka kama ɓera.
Uku.
Sauran, tayar mota ta raba da zafin Agusta,
wasu kuma kwantsa ta liƙe musu ido
tun ba su san akwai teku kusa da mu ba.

Na taɓa ɗaukar kwali guda zuwa gidan ajiyar dabbobi.
Yaron bakin ƙofa ya buɗe tafuka:
"Baba, keji ya cika.
In na karɓa, kwana kaɗan ne,
wanda ba a zo nema ba, allura ce,
barcin da ba a tashi."
Na komo da kwalina yana kuka a hammata.

Dakta Rihab, 'yar Sudan mai tabarau a goshi,
ta ce, "Uwar za ka kawo mini.
In rufi na yoyo ba a ƙara kwano,
hawa ake yi a toshe."

Maganar ta kwana a ƙirjina kamar dutsen niƙa.
Shekara ashirin da shida ni da Barira,
ɗakinmu bai taɓa jin kukan jariri ba.
Mun sha rubutu, mun sha layin asibiti,
mun jiƙa kyallen Ka'aba da hawaye.
Yau ni zan ɗauki mahaifa mai aiki
in miƙa wa wuƙa?

Malam Shu'aibu, bayan Asuba, ya shafa gemu:
"Malamai sun saɓa.
Ka auna cutar nan da cutar can."
Ya sa takalminsa ya bar ni da ma'auni.

Barira na tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.
"Kai ke ƙirgawa," ta ce, "ni ke binnewa.
Wa ke naɗe su a tsumma kafin ka tashi?
Na fi kowa sanin darajar abin da ban samu ba.
Amma a haifa wa juji,
wannan ba arziki ba ne.
Kai ta."

Dare uku ina ɗana keji da kan kifi.
Ran na huɗu ta shiga,
ta kuwa nuna mini ita ba kyanwar Lami ba ce,
ga tabon nan a wuyan hannuna.
Kuɗin da na ware don sabon takalmi
su na zube a teburin likita.

Ta dawo da ciki a aske, tana tangaɗi,
an datse bakin kunnenta na hagu,
shaidar kada a sake kama ta.
Wata biyu baya muka yi ram da muzurun layin,
mai ido ɗaya, mai hana mutane barci.
Shi ma yanzu ya zama dattijo,
sai gyangyaɗi a kan tankin ruwa.

Agusta ya zo ya wuce, ban nemi kwali ba.
Ƙirgar bango ta tsaya inda take,
ban goge ba, ba na jin zan goge.

Toka ta yi wuya, gashinta na sheƙi,
ta ƙwace gefen dardumar Barira.
Wani dare na shigo ɗaukar tocila,
na tarar Barira na shafa guntun kunnen nan
tana faɗa mata wani abu ƙasa-ƙasa.
Ban ji ba.
Na ɗauki tocila, na ja ƙofa a hankali.