Aiki Daga Gida

Wai aiki daga gida suke ce masa,
kamar jiya aka haifi abin.
Ni Gambo, shekara arba'in ina murza ƙuli a Sankara,
ɗa a baya, wani a ciki,
ban ji an raɗa masa suna ba.

Sabi'u ya dawo daga Dutse
da kwamfuta biyu da farantin sola.
Tasa na ɗakin zaure, da ƙofa, da sakata.
Ta matarsa Barira
na kan turmin da aka kife
a gindin darbejiya, inda sabis ke tsayawa in ya ga dama.

Goma na yi sai ya ɗaga mana hannu:
"A yi shiru, ina mitin."
Har kaji sun koya.
Ita kuwa goman nan
da ludayi a hagu take samunta,
igiya a kunne, Nafi'u na tsotso,
yatsa ɗaya a kan wani maɓalli.
Na ce na mene ne?
Ta ce, "Iya, na rufe murya ne,
kada su ji kukan yaro su ce ban shirya ba."

Na kwana ina juya maganar.
Mu ba mu da maɓalli,
leɓe muke cijewa.

Kwana goma sha huɗu aka ba shi na haihuwa.
Sun tafi a karɓar barka
da gyaran babur.

Ran Talata ruwa ya kwana, itace ya jiƙe,
wake ya ƙi nuna,
daga Abuja ana kiran sunanta, sau uku.
Na ɗauki Nafi'u. Ban goya ba,
bayan nan ya gama bautarsa.
Na daki ƙofar zaure da sanda har aka zare sakata,
na dire shi a cinyar ubansa,
gaban fuskoki shida a cikin gilashi.

Wata ta yi dariya, tana yi wa yaron gwalo.
Wani mai furfura ya ce nasa jikan na ƙarƙashin tebur.
Sama ba ta faɗo ba.
Yaro ya tsula fitsari a shadda,
uban ya ci gaba da lissafi, yana jijjiga ƙafa.

Daga tsakar gida na jiyo Barira,
murya a buɗe, tana gyara musu alƙaluma.
Ashe haka take da amo.

Waken ya kama kaɗan.
Haka nan muka ci.